Tseren da jarida ta haifa: yadda Tour de France ta samo asali

Da ƙarfe uku da minti goma sha shida na yammacin ranar 1 ga Yulin 1903, mutum 60 suka hau kekunansu a ƙofar wani masauki mai suna Réveil-Matin da ke Montgeron, a bayan garin Paris, suka nufi Lyon. Tsakaninsu da Lyon kilomita 467 ne, kuma babu maganar kwana a hanya. Rana ta faɗi suna kan keke, dare ya raba suna kan keke, gari ya waye suna kan keke. Wanda ya fara isa, Maurice Garin, ya shafe awa 17 da minti 45 a kan sirdi. Wannan shi ne zangon farko na gasar da duniya ta sani yau da suna Tour de France, wato zagayen Faransa.

Mutumin da ake kira uban gasar, Henri Desgrange, bai je Montgeron ba a ranar. Ya zauna a Paris, ya tura wani matashin ma'aikacinsa. Editan jarida ne, jaridarsa kuwa tana cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Duk mai son ya gane dalilin da ya sa wannan tsere ya zo da irin tsananin da ya zo da shi, zango mai tsawon da hankali ba ya ɗauka, dokoki marasa tausayi, hawan duwatsun da ko alfadari yana shan wuya a kansu, to daga teburin wannan edita zai fara. Don a sayar da jarida aka ƙirƙiri gasar, kuma kusan duk sauyin da aka yi mata a shekarunta na farko daga wannan buƙata ya taso.

Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen 1894 kotun soja a Faransa ta kama wani kyaftin Bayahude, Alfred Dreyfus, da laifin sayar wa Jamus asirin soja. Aka tuɓe masa kaki, aka kai shi wani tsibirin fursunoni a gaɓar Kudancin Amurka. Sharri aka ƙulla masa, sai a 1906 aka wanke shi sarai. Kafin nan maganarsa ta raba Faransa gida biyu, wa da ƙani ba sa ga maciji, abokan ciniki sun raba jari. Har duniyar wasanni ba ta tsira ba. Babbar jaridar wasanni ta lokacin ita ce Le Vélo, ana buga ta a koriyar takarda, tana sayar da kwafi kimanin 80,000 a rana, kuma editanta Pierre Giffard yana cikin masu cewa an zalunci Dreyfus. Manyan masu ba jaridar talla kuwa, masu masana'antun keke da mota da taya, da yawansu suna ɗaya ɓangaren. Fitacce a cikinsu shi ne attajirin nan mai ƙera motoci, Comte de Dion. A watan Yunin 1899 aka yi hatsaniya a filin sukuwa na Auteuil, masu ƙin Dreyfus suka yi wa shugaban ƙasa Émile Loubet ihu, wani ma ya kai masa duka da sanda ya sami hularsa. De Dion na cikin waɗanda aka kama, aka yanke masa kwana 15 a gidan yari. Giffard ya caccake shi a rubuce. De Dion ya janye tallarsa, ya haɗa kai da irin su Adolphe Clément da Édouard Michelin, waɗanda dama suna ƙorafin tsadar talla a Le Vélo, suka kafa tasu jaridar a watan Oktoban 1900. Suka sa mata suna L'Auto-Vélo, suka zaɓi takarda ruwan ɗorawa don ta bambanta da koriyar abokiyar gaba. Mai karatu ya riƙe wannan launi, za mu dawo kansa.

Desgrange suka ɗauko ya zama edita. Tsohon ɗan tsere ne, shi ne a 1893 ya kafa tarihin tafiyar kilomita 35.325 cikin awa ɗaya a filin zagaye, mutum mai kafiya da kaifin alƙalami. Sai dai kasuwa ta ƙi. Kwafin da suke sayarwa bai wuce 25,000 ba, ga kuma Giffard ya maka su a kotu kan satar suna. A watan Janairun 1903 kotu ta ba shi gaskiya, ta umarce su da su cire kalmar Vélo. Kalmar nan kuwa keke take nufi. Jaridar da masu keke ne ƙashin bayan masu karanta ta, aka hana ta ambatar keke a sunanta, ta koma L'Auto kawai.

Tun kafin hukuncin, a ranar 20 ga Nuwamban 1902, Desgrange ya tara mutanensa a ofishinsu da ke titin Faubourg Montmartre ya ce kowa ya kawo shawarar da za ta fitar da su kunya. A cikinsu akwai Géo Lefèvre, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai mai rubuta labarin keke, wanda daga Le Vélo ɗin aka zawarto shi. A lokacin ana da dogayen tsere na fita ɗaya, kamar Bordeaux zuwa Paris, da na Paris zuwa Brest a dawo Paris mai kilomita 1,200, wanda Giffard da kansa ya assasa a 1891. Ana kuma da tseren kwana shida da ake yi a cikin filin zagaye. Lefèvre ya ce a haɗa biyun: a yi tsere na kwanaki da yawa, amma a kan titi, a zagaye ƙasar baki ɗaya, zango bayan zango. Desgrange ya ja shi suka ci abincin rana suna juya maganar, sannan aka kai ta gaban Victor Goddet, mai riƙe da lalitar jaridar. Shi da ake tsoron zai ce babu kuɗi, shi ya fara amincewa. Ranar 19 ga Janairun 1903 aka buga sanarwar.

Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bafaranshe. Tun ɗaruruwan shekaru masu koyon sana'a, kafintoci da magina da maƙera, sukan yi abin da suke kira zagayen Faransa, su bi gari-gari suna zama a hannun gwanaye kafin a sallame su a matsayin ƙwararru. Don haka kalmar tana ɗauke da ƙanshin wahala da horo da cikar mutum tun kafin a ɗora ta a kan keke.

A nan ne, a ganina, hikimar Lefèvre take, kuma a nan ne mutane suka fi yin tuya su manta da albasa idan suna ba da wannan tarihi. Tseren nan babu mai iya kallonsa. Babu rediyo, babu talabijin. Manomi zai tsaya bakin hanya da fitilarsa cikin dare, ya ji ƙarar sarƙa, wasu inuwoyi masu ƙura su wuce shi cikin ƙiftawar ido, shi ke nan rabonsa. Idan yana son sanin wa ya wuce, wa ya faɗi, wa ya kai, dole gobe ya sayi L'Auto. Tseren yini ɗaya yakan sayar da jarida kwana biyu. Tseren mako uku yakan sa mutum ya saya yau, ya kasa haƙuri ya saya gobe, ranar hutun mahaya ma ya saya don ya ji halin da gwaninsa ya kwana. Mu mukan ce gani ya kori ji. A nan babu gani, ji kaɗai ake da shi, kuma Desgrange ne ke riƙe da bakin zaren. Iya wahalar da mahaya suka sha, iya daɗin labarin, iya kwafin da za a sayar.

Da farko abin ya so ya wargaje. An tsara mako biyar, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli, mutum 15 kacal suka yi rajista. Desgrange ya rage kwanakin zuwa 19, ya rage kuɗin shiga daga faran 20 zuwa 10 (faran shi ne kuɗin Faransa na lokacin), ya ƙara yawan kyauta zuwa faran 20,000, sannan ya yi alkawarin faran 5 a kullum ga mutum hamsin na farko matuƙar gudunsu bai gaza kilomita 20 a awa ba. Faran biyar ɗin nan kusan ladan yinin ma'aikacin masana'anta ne, kuma ita ce ta cika layin Montgeron. Akasarin waɗanda suka zo talakawa ne masu aikin ƙarfi. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma ga wanda ya tashi a ramin kwal ko gaban tanderu, kwana a kan keke ba shi ne mafi munin abin da ya sani ba.

Garin kansa misali ne. An haife shi a 1871 a Arvier, wani ƙauyen duwatsu a kwarin Aosta na Italiya, iyalinsu suka tsallaka Faransa neman abinci, ya tashi yana aikin share bututun hayaƙi na gidaje, aikin da ake sa yara saboda jikinsu ya fi shiga rami. Gajere ne, mai gashin baki, ƙarfi kamar doki. Kafin 1903 ya ci tseren Paris zuwa Roubaix sau biyu, ya ci na Paris zuwa Brest a 1901, shekarar da ya zama ɗan ƙasar Faransa.

Yana da kyau a dubi abin da suke hawa. Keken ƙarfe ne mai nauyin da ya ninka na keken tseren yau sau biyu ko fiye, giya ɗaya tal, ko a kwari ko a tudu. Hanya ta ƙasa ce da tsakuwa, inda aka shimfiɗa dutse kuma sai ya riƙa girgiza mutum har haƙora. Mahayi yakan rataya tayar ko-ta-kwana a kafaɗa, ya ɗaura jakar abinci da kayan faci a gaban keke. Idan taya ta fashe shi zai gyara, a duhu, da hannun da sanyi ya ƙame. A wasu garuruwa an ajiye teburi, dole ya sauka ya sa hannu a takarda don a tabbatar ya bi ta nan, a wasu wuraren kuma alƙalai kan laɓe ba tare da an sanar ba. Lefèvre shi ne alƙali, shi ne mai riƙe agogo, shi ne ɗan rahoto. Yakan bi su da kekensa na wani lokaci, ya faɗa jirgin ƙasa ya riga su zuwa gaba, ya aika labari Paris ta tangarahu.

Zango shida aka yi: Paris zuwa Lyon, zuwa Marseille, zuwa Toulouse, zuwa Bordeaux, zuwa Nantes, a dawo Paris, jimilla kilomita 2,428, da hutun kwana ɗaya zuwa uku a tsakani. Mafi gajarta shi ne na Toulouse zuwa Bordeaux mai kilomita 268, wanda Charles Laeser ɗan Suwizalan ya ci, baƙo na farko da ya ci zango. Doka ta yarda wanda ya gaza a wani zango ya shiga na gaba don neman kyautar ranar, shi ya sa Hippolyte Aucouturier, wanda ciwon ciki ya fitar a zangon farko, ya dawo ya ci na biyu da na uku. Garin ya ci na ɗaya da na biyar da na shida. Cikin 60 mutum 21 suka kai ƙarshe ranar 19 ga Yuli. Garin ya yi awa 94 da minti 33, ya ba na biyu, Lucien Pothier, tazarar kusan awa uku, tazarar da har yau ba a sake ganin irinta ba. Na ƙarshe, Arsène Millocheau, yana bayansa da sama da awa 64, amma ya kai. Garin ya koma gida da fiye da faran 6,000.

Ga L'Auto kuwa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daga kwafi 25,000 ta haura 65,000, a 1904 Le Vélo ta rufe. A 1908 L'Auto ta wuce kwafi 250,000 a lokacin gasar, a 1923 ta kai 500,000 a rana.

Sai dai abin da ya sa gasar ta yi kasuwa shi ne ya kusa kashe ta a shekara ta biyu. Tseren da ba a gani, a hanyar da babu fitila, ga kuɗi, ga garuruwan da jarida ta zuga kowanne ya ɗauki ɗansa gwani. A 1904 aka bi hanya ɗaya da ta bara da mahaya 88. A zango na biyu, a kan tudun Col de la République kusa da Saint-Étienne, taron jama'a suka bar ɗan garinsu Fauré ya wuce, suka tare sauran da sanduna da duwatsu kafin wayewar gari. Aka jikkata Garin, aka yi wa Giovanni Gerbi ɗan Italiya dukan da ya karya masa yatsu ya fita daga gasar, sai da jami'ai suka harba bindiga sama kafin hanya ta buɗe. A Nîmes aka sake wata tarzomar saboda an kori ɗan yankinsu Ferdinand Payan. Aka riƙa watsa ƙusoshi a hanya. Su ma mahayan ba su tsira daga zargi ba: an ce wasu sun hau jirgin ƙasa cikin dare, wasu mota ta ja su. Garin ya sake zuwa na ɗaya a Paris, amma bayan wata huɗu hukumar keke ta Faransa ta gama bincike ta soke sakamakon mutum huɗu na farko, Garin da Pothier da César ƙanin Garin da Aucouturier. Aka dakatar da Garin shekara biyu. Kofi ya faɗa hannun na biyar, Henri Cornet, ɗan shekara 19, wanda har yau shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin gasar. Desgrange ya rubuta cewa gasar ta ƙare, yana tsoron ta biyun nan ita ce ta ƙarshe, nasararta ce ta kashe ta.

Ba ta mutu ba, domin jaridar ba za ta rayu ba sai da ita. Gyaran da aka yi a 1905 shi ya ba gasar siffar da muka sani. Aka rage tsawon kowane zango aka ƙara yawansu zuwa 11, aka rage tafiyar dare don alƙalai su ga abin da ake ciki. Aka daina lissafi da agogo, aka koma maki bisa matsayin da mutum ya zo a kowane zango, don wanda ya yi maguɗin awa biyu kada ya ci ribar awa biyu. A haka aka tafi har 1912, sannan a 1913 aka dawo da agogo. Amma da zango ya gajarta, abin mamakin da ake sayarwa ya ragu. Me zai maye gurbin dare da nisa? Sai aka juya ga duwatsu. A 1905 aka kai su Ballon d'Alsace mai tsayin mita 1,178, René Pottier ya riga kowa hawa, ya kuma ci gasar a shekarar da ta biyo.

Zaɓen Ballon d'Alsace ba don tsayinsa kaɗai ba ne. A kan iyaka yake, kuma bayansa ne yankin Alsace da Lorraine da Jamus ta ƙwace a 1871, mikin da bai warke a zuciyar Faransawa ba. Daga 1907 zuwa 1910 gasar ta riƙa yada zango a Metz, wanda a lokacin yake hannun Jamus, jama'a na fitowa suna tarbar mahaya da murna, har hukumomin Jamus suka hana daga 1911. Taswirar da L'Auto ke bugawa kowace shekara, da layin hanya yana bin gefen ƙasa, ta zama darasi ga mutane da yawa da ba su taɓa barin gundumarsu ba. Tsere ne, amma yana zana wa al'umma iyakar gidanta. Ina ganin wannan ne ya sa ya kafu a zukata fiye da duk wani tsere na yini ɗaya, kuma shi ya sa Italiya ta kwaikwaya a 1909, ita ma ta hannun jaridar wasanni, Gazzetta dello Sport.

A 1910 aka kai abin ƙololuwa. Alphonse Steinès, mai tsara hanya, ya matsa wa Desgrange a shiga duwatsun Pyrénées da ke kan iyakar Sifaniya. Ya tafi duba hanyar Tourmalet, mai tsayin mita 2,115, dusar ƙanƙara ta tsayar da motarsa kafin ƙoli, ya ci gaba a ƙasa, dare ya yi masa, ya ɓata, sai cikin dare masu nema suka tsinto shi kusa da Barèges sanyi ya kusa kashe shi. Da ya farfaɗo ya aika wa Desgrange tangarahu cewa ya tsallake Tourmalet, hanya na da kyau ƙwarai, za a iya bi. Ranar 21 ga Yuli mahaya suka tashi daga Luchon zuwa Bayonne, kilomita 326, da manyan tuddai huɗu a gabansu: Peyresourde, Aspin, Tourmalet, Aubisque. Hanyar ta makiyaya ce da masu jan itace. Octave Lapize ya riga kowa kai ƙolin Tourmalet, amma da tura keke a wasu wuraren. Gustave Garrigou ne ya hau ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba, aka ba shi tukwicin faran 100. Da Lapize ya iso Aubisque, jiki duk laka, ya dubi jami'an gasar da ke jira ya ce musu su masu kisan kai ne. Ya ci zangon bayan awa 14, ya kuma ci gasar. Kalmar da ya jefa musu don zafin rai ita ma ta shiga jarida, ta zama talla. A shekarar ne aka fara sa motar da ke bin bayan ayari tana kwashe waɗanda suka gaza, da tsintsiya ɗaure a jikinta. A 1911 aka ƙara Galibier a duwatsun Alpes.

Dokar da ta fi komai nuna halin Desgrange ita ce ta hana taimako. Tun da ya ga abin da ya faru a 1904, kuma ya ga kamfanonin keke na son mayar da gasar tasu ta hanyar sa yaransu su yi wa gwani ɗaya hidima, sai ya kafe cewa kowa tasa ta fishe shi. Keken da ka tashi da shi, da shi za ka ƙare, in ya karye kai za ka gyara. Hatta na'urar canza giya sai a 1937 aka bar manyan mahaya su yi amfani da ita. Kafin nan, mai son giya mai sauƙi a gindin dutse sai ya sauka, ya kwance tayar baya, ya juya ta ɗaya gefen, ya ɗaure.

Ba na iya tuna wannan doka ban tuna Eugène Christophe ba. A 1913, shekarar da Ali Neffati ɗan Tunisiya ya shiga gasar sanye da jar dara, mutum na farko daga Afirka, Christophe yana gab da karɓe ragamar gasar a zangon Bayonne zuwa Luchon. Yana gangarowa daga Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya gangaro a ƙasa aƙalla kilomita 10 yana kuka, waɗanda ya bari a baya suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har ya iso ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, aka nuna masa maƙera. Maƙerin ya so ya karɓa ya yi masa, jami'an gasar suka ce doka ta hana. Allah ya sa Christophe ya koyi aikin ƙarfe tun yana yaro, mai ƙera makullai ne. Ya tsaya gaban wuta, bayan ya kwana yana tuƙi kuma ya hau duwatsu, ya sa ƙarfe a garwashi, ya ɗora a uwar maƙera yana duka, maƙerin na gaya masa da baki, alƙalai na tsaye a kansa. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san hannu biyu ba sa isa: ɗaya na riƙe da awartaki, ɗaya da masaba, wa zai hura wuta? Wani yaro ya kama masa zuga-zugi. Da ya gama bayan awanni, jami'an suka ci shi tarar minti goma saboda an taimake shi, daga baya aka rage zuwa uku. Ya cusa burodi a aljihu, ya hau keken da ya ƙera da hannunsa, ya tsallake Aspin da Peyresourde, ya isa Luchon da tazarar kusan awa huɗu. A Paris ya zo na bakwai. Na fahimci dalilin dokar, domin ba don irinta ba da masu kuɗi sun saye gasar tun tana jaririya. Amma tarar nan tana yi mini ciwo. Mutumin da ya riga ya rasa awa huɗu da kofin da yake gani a tafin hannunsa, ba adalci ba ne a lissafa masa numfashin zuga-zugin yaro.

Gasar 1914 ta tashi ranar 28 ga Yuni, ranar da aka harbe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Ostiriya, a Sarajevo. Philippe Thys ɗan Beljiyam ya ci, kwanaki kaɗan bayan haka yaƙin duniya na farko ya ɓarke, aka rufe gasar shekara huɗu. Uku daga cikin gwanayenta ba su dawo ba. François Faber na Luxembourg, baƙo na farko da ya ci gasar a 1909, ya mutu a fagen daga a 1915. Lapize ya zama matuƙin jirgin yaƙi, aka harbo shi a watan Yulin 1917. Lucien Petit-Breton, wanda ya ci a 1907 da 1908, ya rasu a hatsarin mota yana bakin aikin soja a ƙarshen wannan shekarar.

A 1919 aka dawo, wata bakwai da tsagaita wuta, a kan hanyoyin da bama-bamai suka farfashe, babu isassun tayoyi, mahaya da yawa ba su daɗe da tuɓe kaki ba. Kamfanonin keke sun talauce har suka haɗu a inuwa ɗaya, yaransu duk cikin riguna masu ruwan toka, mai kallo ba ya iya gane wanda ke kan gaba. Sai aka yanke shawarar a ba jagoran gasar riga ta daban, aka zaɓi ruwan ɗorawa, launin takardar L'Auto. Ranar 19 ga Yuli, a Grenoble, aka sa wa mutum na farko ita, Eugène Christophe. Ya riƙe ta har zango na biyun ƙarshe, daga Metz zuwa Dunkerque, yana gaba da kusan rabin awa. A kan shimfiɗar duwatsun da ke kusa da Valenciennes, ƙarfen gaban kekensa ya sake karyewa. Ya sami wata masana'antar keke a kusa, ya sake gyarawa da hannunsa, Firmin Lambot ɗan Beljiyam ya wuce ya ci gasar. Mutum goma kacal aka lissafa a sakamakon ƙarshe na wannan shekara, Christophe ya zo na uku. L'Auto ta buɗe masa asusun gudummawa, masu karatu suka riƙa aiko da abin da ya sawwaƙa, wasu faran ɗaiɗai, har aka tara masa sama da faran 13,000. A 1922, yana gangarowa daga Galibier, ƙarfen ya karye masa karo na uku. Ya yi tsere har ya haura shekara arba'in da haihuwa, bai taɓa cin gasar ba.